Lemar da Ka Aiko wa Baba

Rano, Jihar Kano.
Ranar Asabar, cikin watan Agusta.

Zuwa ga ƙanena Munzali, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gaishe ka gaisuwar 'yar'uwar da ta daɗe ba ta sa ka a ido ba, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zulaiha da yaran. Allah Ya sa wa kasuwa albarka, Ya tsare ku a garin mutane, Ya sa ku gama da kowa lafiya. Mu nan sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau bana, dawar gonar Fassi ta shanye mutum, gero ya fitar da kai, masara kuwa har an fara gajiya da gasa ta. Baba yana nan, gwiwar nan tasa tana taɓa shi idan aka yi sanyin ruwa, amma ka san shi, bai taɓa yarda ciwo ne ba, kullum gajiya ce. Abban Hadiza yana lafiya, Hadiza ta shiga aji na gaba, tana ta cika mana gida da Turancin da ko ni malamar makaranta ba na gane rabinsa. Ƙanenmu ango Salahuddeen kuwa duk ya rame don zumuɗi. Ya yi wa ɗakin amarya wani fenti kore shar, duk wanda ya leƙa sai ya runtse ido, shi kuma gani yake babu mai ɗaki kamarsa a Kibiya.

Na san za ka yi mamakin karɓar wasiƙa daga hannun Ɗanmalam direba, alhali ga waya a hannun kowa. Dalili shi ne na gwada wayar ba ta yi mini amfani ba. Ranar da ka kira ni kana murna ka sayi kwali guda na irin lemar da ka aiko wa Baba, ka ce za ka taho da su a raba wa abokan ango su rataya a yi hoto, na ce maka ka rufa mini asiri ka bar su a can. Me ka yi? Dariya ka yi, ka ce Yaya ta tsufa, lema ma tsoro take ba ta. Ni kuma lokacin ina tsakar gidan Baba, yana zaune yana jina, kuma ya riga ya hana kowa ya gaya maka abin da ya faru. Sai na haɗiye maganar, na ce sai an jima. Tun ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Yau na yanke shawarar in saɓa wa Baba, Allah Ya yafe mini, don na ga gara ya yi fushi da ni a kan in yi shiru in zo ina da na sani. Ka samu wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, kada ka yi mini irin karatun da kake yi wa saƙonnina, layin farko da na ƙarshe.

Bari in fara daga ranar da lemar ta iso. Ina Kibiya aka kawo ta, kuma wallahi da Baba ya zaro ta daga leda sai da gabana ya faɗi. Kai ka saye ta, ka san siffarta: baƙa, doguwa, mariƙinta kamar gindin bindigar sojoji sak, ga kunama a ƙasa wadda ita ake dannawa lemar ta buɗe, ga jaka da maratayi na saɓawa a kafaɗa. In ba an buɗe ta ba, babu mai cewa lema ce. Amma Baba ya yi murna irin wadda na daɗe ban ga ya yi ba. Ba lemar ce ta dame shi ba, shi dai ɗansa na Fatakwal ya tuna da shi. Ko hadari babu sai ya rataya ta ya tafi majalisarsu ta gindin darbejiya. Abokansa suka sa masa Saja, yana tahowa su ce a gyara ga Saja nan, shi kuma ya ɗaga ta sama ya ce zai harbo musu ruwa, ya danna kunama ta buɗe, tsofaffi su yi ta ƙyaƙyata dariya kamar yara. Har masallacin Juma'a ya je da ita. Babu wanda ya tsorata, don kowa a Kibiya ya san farin gemun Baba tun daga nesa, kuma kowa ya san ko kaza sai ya kira wani ya yanka masa. Ganin haka ni ma sai na saki jiki, na ce tsorona ne ya yi yawa.

To, ka tuna Baffa Ishiyaku. Ban ce ka manta shi ba, amma kun daɗe ba ku haɗu ba. Aminin Baba tun kafin a haife mu, wanda shanunsa ke kwana a gonarmu ta Fassi duk rani su bar mana taki, Baba ya bar masa kara da harawa, ba tare da wani ya taɓa yi wa wani lissafi ba. Shi ya sassaƙa maka sandarka ta farko, shi ya koya maka tatsa lokacin da kake zuwa hutu rugarsu kana dawo mana da warin nono da ƙwarƙwata. Ya tsufa yanzu, kunnensa na hagu ya yi nauyi, amma har kwanan baya da kansa yake tatsar shanunsa, ba ya yarda kowa ya taɓa masa su. Wata ranar Laraba ya zo gaishe da Baba da ɗan man shanu a kwalba, suka yi hira har la'asar. Da zai tafi aka fara yayyafi, Baba ya ɗauko lemarka ya buɗe musu su biyu, ya taka masa.

Ka san al'adar gidanmu, kuma ka san ta Baba ta fi ta kowa tsanani: baƙo ba ya yaba abu ya tafi ya bar shi. Baffa ma ya sani, shi ya sa duk tsawon zamansu ko buta bai taɓa yabawa a gidanmu ba. In ya ga sabon abu sai ya kau da kai kamar bai gani ba, mu yi ta yi masa dariya a ɓoye. Ranar dai baki ya suɓuce masa. Ba ma lemar ya yaba kai tsaye ba, cewa ya yi Munzali ya iya zaɓe. Shi ke nan. Baba ya rufe ta, ya sa a jakarta, ya rataya masa a kafaɗa. Baffa ya ce a'a, tsarabar ɗa ce, ba a kyauta da ita. Baba ya ce ai ɗan nasu ne su biyu, kuma wanda ke yini a daji da shanu ya fi mai zaman gindin bishiya buƙatar lema. Suka yi ta ja, har Baba ya rantse. Ka san in ya rantse magana ta ƙare. Babu ɗayansu da ya tsaya ya yi tunanin cewa abin da ke ba mutane dariya a kafaɗar Baba, wani abu ne daban a kafaɗar Bafulatani.

Kana nesa, ban san iyakar abin da kake ji game da halin da ake ciki a nan ba. Tun farkon damina hankalin mutane ba a kwance yake ba. An shiga wani ƙauye can gaba da Tarai an tafi da wani magidanci, an sha wahala kafin a samo shi, daga nan kowa ya zama abin zargi. Samari suka kafa sintiri, suka gitta gungumen itace a hanyoyin shiga gari, kowa da gorarsa, wasu da adda, wasu da bindigar toka ta kakanninsu. Ban ga laifinsu ba, tsoro ne ya fito da su, kuma ni ma da na ji suna nan sai in ji ɗan sanyi a raina. Amma yawancinsu yara ne, ba su san tsofaffin ruga ba, kuma idonsu abu ɗaya yake nema: mutum a kan babur, fuska a rufe, abu a rataye.

Abin da zan gaya maka yanzu ban gani da idona ba. Na ji shi daga bakin Iya Lubabatu, tsohuwar da ke sayar da fura a bakin hanyar Tarai, kuma na ji daga bakin Baffa kansa, maganarsu ta zo ɗaya. Ranar kasuwa ce, hadari ya haɗo, ana ɗan yayyafi. Baffa ya sa doguwar baƙar rigar ruwansa, ya naɗe rawani ya rufe baki da hanci saboda iska, kamar yadda duk makiyayi ke yi, ya rataya lemarka a baya don ba a buɗe lema a kan babur, ya hau acaɓa zai je sayen kanwar shanu. Da suka iso shingen 'yan sintiri aka tsayar da su, aka ce ya sauka. Yana sauka, ɗan acaɓan ya ga yadda samarin suka yo kansu, sai ya tsorata ya murɗa babur ya gudu. Gudun nan shi ya ƙarasa ɓata komai. Wani ya ƙwala ihu ya ce ga su nan, ɗaya ya tsere. Kafin ka ce me, 'yan kasuwa sun bar kayansu sun yo wajen.

Suka yi ta daka masa tsawa ya ajiye bindiga. Mutum mai nauyin kunne, ga hayaniya, ga shi in ya ruɗe Hausarsa sai ta harɗe da Fillanci. Da ya gane abin da suke nufi, sai ya ce ba bindiga ba ce, bari ya nuna musu. Munzali, ka tsaya ka yi tunanin yadda ake buɗe lemar nan. Dole ka sauko da ita daga kafaɗa, ka zare jakar, ka miƙa bakinta gaba don kada ta buge ka, sannan ka sa yatsa a kan kunama. Abin da ya yi ke nan, a gaban samarin da jikinsu ke rawa. Hanyar da kaɗai yake da ita ta nuna gaskiyarsa ita ce daidai yadda mai harbi yake yi. Bai kai ga dannawa ba aka sauke masa gora a hannu. Wani yaro mai bindigar toka ya saita shi ya ja kunama, Allah Ya sa yayyafin ya jiƙa albarushin, ta ƙi tashi. Abin da ya raba Baffa da kabari ranar ɗan yayyafi ne kawai.

Ya faɗi, suka rufe shi da duka. Iya Lubabatu ta ce ita ma da farko ta ɗauka ɓarawo ne, ta matso ne don ta ga fuskar azzalumi. Sai rawanin ya warware. Ita kuwa shekara da shekaru a wajen matarsa Inna Suwaiba take sayen nono, ta san shi kamar yadda ta san 'ya'yanta. Ta ce ta yi ta ihu tana kiran sunansa, babu mai jinta. Sai ta watsar da ƙwaryar furarta, ta kutsa, ta kwanta a kansa. Ita ma ta sha sanda a gadon baya kafin su ankara tsohuwa ce. Cikin wannan hali wani ya ɗauki lemar daga ƙasa yana ɗagawa mutane su ga makamin da aka ƙwace, yatsansa ya taɓa kunamar, ta buɗe fat a hannunsa. Rabin taron suka watse da gudu, sun ɗauka harbi ne. Da suka juyo suka ga lema, wai har da masu dariya. Dariya, Munzali, ga dattijo kwance cikin taɓo, jini na bin gemunsa.

Daga nan aka kai shi wurin 'yan sanda, su kuma suka wuce da shi asibiti a nan Rano. Labari ya iske Baba yana shirin sallar azahar. Abban Hadiza ne ya je ya ɗauko shi. A ofishin 'yan sanda Baba ya tsaya ya yi bayani cewa lemar tasa ce, ɗansa ya aiko masa, shi ya ba amininsa da hannunsa, in akwai laifi to nasa ne, shi za a tsare. Babban wurin ya saurare shi da mutunci, ya juya lemar ya sake juyawa, ya ce shi kansa da ya yi shekara da shekaru yana riƙe bindiga, in ya hango wannan daga nesa ba zai tsaya tambaya ba. Ya ce ba za su riƙe kowa ba, amma lemar ta zauna a wurinsu, kuma ya roƙi Baba in akwai irinta a gida a fito da ita. Baba ya ce ita kaɗai ce. Lokacin bai san da maganar kwalinka ba.

An yi wa Baffa ɗinki a ka, haƙarƙarinsa ya tsage, hannunsa na dama ya karye wuri biyu. Bai yarda ya daɗe a asibiti ba, ya ce a mai da shi ruga wurin mai ɗori. Mai ɗorin ya gaya wa Inna Suwaiba cewa ƙashin zai kama in Allah Ya yarda, amma a shekarunsa kada ta sa ran yatsun za su ƙara matse hantsar saniya. Ba a gaya masa ba tukuna. Baba kuwa tun ranar bai ƙara zuwa majalisa ba. Daga masallaci sai ɗaki. Wani abokinsa ya zo dubiya, bisa sabo ya kira shi Saja, Baba ya tashi ya shige ciki ya bar shi a zaure. Ni ya gaya wa cewa da hannunsa ya rataya wa amininsa ajali, Allah ne kawai bai karɓa ba. Sannan ya tara mu ya ce kada wanda ya gaya maka, wai yaro da zuciya ɗaya ya aiko, kada a sa masa damuwa a garin mutane.

Yanzu ga abin da ya fi komai tayar mini da hankali, kuma don Allah ka fahimce ni, ba don in ɓata maka rai nake faɗa ba. Cikin taron nan wani ya ɗauki abin a waya. Hoton gajere ne, ya fara daga lokacin da mutum mai rufaffiyar fuska ya sauko da abu daga kafaɗa ya miƙa gaba, ya ƙare lokacin da aka rufe shi da duka. Babu Iya Lubabatu a ciki, babu buɗewar lema. Aka rubuta a ƙasa cewa an kama mai garkuwa da mutane da bindiga a kudancin Kano, aka watsa. Ina zaune a kan bencin asibiti, ina jin nishin Baffa ta taga ana yi masa ɗinki, wayata ta yi ƙara. Na duba, sai na ga kai ne ka turo hoton a guruf ɗinmu na gida. Ka rubuta cewa Allah Ya ƙara tona asirinsu, kuma irin waɗannan a daina kai su ko'ina, a gama da su a wurin. Koma ka duba wayarka, yana nan. Baffa Ishiyaku ne wannan. Abin da ke hannunsa kuma lemarka ce.

Ban ga laifinka ba, wallahi. Duk wanda ya kalli hoton nan abin da zai ce ke nan, kuma mutum nawa suka amsa maka da amin kafin labari ya iso musu. Amma ka duba wannan da kyau. Kai ka shiga shago ka zaɓe ta, kai ka juya ta a hannunka, kai ka naɗe ta ka aiko. Kana zaune lafiya a ɗakinka, babu mai yi maka ihu, kana iya maimaita hoton sau nawa ka ga dama, amma ba ka gane ta ba. Ba ka gane mutumin da ya goya ka a wuyansa ba. To, wane ne zai gane a kan hanya, cikin gaggawa da tsoro, a garin da ba a san daga inda ka fito ba?

Ina rufe ido sai in ga tafiyarka. Daga Fatakwal zuwa Kano shinge nawa ne, na hukuma da wanda ba na hukuma ba? A tsayar da mota a wani gari da ba ka jin yarensu, a ce kowa ya sauke kayansa, a farke kwali, a ga gindinan bindiga jere reras. A tambayi mai kaya, kai ka fito. Kuma ka san fuskar da ka ɗauko. Duk cikinmu kai ka kwaso Inna, Allah Ya jiƙanta: tsawon, hasken, siririn hancin. Tun kana yaro ake tsokanarka da ɗan Fillo, kana jin daɗi. A can ba tsokana za a yi ba. Kuma na san halinka, Munzali, na raine ka tun ranar da Inna ta bar mu. Ba za ka tsaya shiru ba. Za ka yi murmushin nan naka, ka ce a dakata, ka sunkuya ka zaro ɗaya don ka nuna musu lema ce. Za ka miƙa bakinta gaba, ka sa yatsa a kunama. Muna jin abin da ke samun matafiya a hanyoyin nan bisa zargin da bai kai wannan ba. Baffa a ƙasarsa yake, inda ya tsufa, tsakanin mutanen da suka sha nonon shanunsa, amma sai da aka kusa kashe shi. Kai a can ko gawarka ban san wanda zai kira mu ya gaya mana inda take ba. Allah Ya nesanta mu da gani.

Ko da Allah Ya kawo ka lafiya da su, ka tuna abin da ka ce za a yi da su. Samari a kan babura, daga Kibiya zuwa Yalwa ɗauko amarya, kowa da abu rataye a baya, suna gudu suna ihu. A wannan daminar, a kan hanyoyin nan. Ai ba biki za mu yi ba. Na riga na zaunar da Salahuddeen na gaya masa, da yake shi ya san abin da ya faru ko musu bai yi ba, cewa ya yi shi ma kunyar gaya maka ce ta hana shi. Saboda haka ga roƙona, kuma ban taɓa roƙonka komai ba. Kada kwalin nan ya shiga mota. Kada ka ce za ka sayar wa wani ko ka bayar kyauta, don duk wanda ya rataya ta ɗan wani ne. In shagon za su karɓa ka mayar musu, in ba za su karɓa ba ka sa guduma ka farfasa mariƙan. Haka laitar kunna wutar nan mai siffar ƙaramar bindiga da na gani a maƙale da makullanka zuwan da ka yi na ƙarshe, ita ma ka raba kanka da ita. Na san za ka ce asara ce. Na yarda asara ce, ka yi ta.

Jiya na je ruga duba Baffa. Na same shi kwance a tabarma gindin ƙirya, hannu ɗaure da karare, yana kallon yadda wani ke tatsar masa shanu, yana ta cizon leɓe don ba yadda yake so ake yi ba. Ko sau ɗaya bai ambaci waɗanda suka dake shi ba. Kai ya fara tambaya. Ya ce in ka kira in yi maka godiya, lema ce mai kyau, kwanakin da ya yi da ita ko ɗigo ba ta zubar ba. Na kasa riƙe hawaye, sai na gaya masa maganar kwalin. Munzali, mutumin nan Iya Lubabatu ta ce ko da ake dukansa bai yi ihu ba, amma jiya na ga tsoro a fuskarsa. Ya yunƙura zai tashi zaune, Inna Suwaiba ta riƙe shi. Sannan ya ce in rubuta maka yadda ya faɗa: shi lema ɗaya ya ɗauka, sai da tsohuwa guda ta kwanta a kansa kafin ya tsira, to kai ina za ka samo tsofaffin da za su ishe ka kwali guda? Ya ce kuma ya sa rai zai zo ɗaurin aure ko da a kan jaki ne, kuma da hannun hagu zai gaisa da kai, kada ka ɗauka raini ne.

Baba ya ce kai za ka karɓa wa Salahuddeen aure, har ya sa an ɗinka maka babbar riga, tana rataye a ɗakinsa. Kullum in na shiga sai na kalle ta. Ka zo ka sa ta, abin da nake so ke nan. In an yi ruwa ranar biki mu jiƙe, za mu bushe.

Ka gaishe mini da Zulaiha, ka ba ta wasiƙar nan ita ma ta karanta, don na san in ka yi gardama ita za ta tsaya a bakin ƙofa. Ka shafa mini kan Nana Khadija da Shamsuddeen, ka ce Gwaggonsu ta ajiye musu gyaɗa. Abban Hadiza yana gaishe ka, Hadiza da Afra'u suna gaishe da Kawunsu, Salahuddeen yana gaisuwa, Inna Suwaiba ma ta ce a gaishe ka. Baba bai san na rubuta ba, in kun yi waya ka bi shi a hankali. Da zarar ka gama karantawa ka kira ni, ko ina cikin aji zan fito in ɗauka. Kalma ɗaya nake jira daga bakinka, ka ce mini ka bar su. Allah Ya kawo mana kai lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka.

Wassalam.

Yayarka da ta goya ka,
Ramlatu.